Yaƙin Sikotlan a Badarawa

Ɗahiru ya miƙa hannu zai kashe talabijin, sai surukinsa ya ce, "Bar mana shi. Ba ƙasar da ka yi karatu ba ce?"

Ya janye hannun. A duk layinsu na Badarawa shi kaɗai ke da akwatin, don haka kowane yammacin Asabar falon cike yake da maƙwabta. Yau kuma ga manyan baƙi. Alhaji Maliki, mahaifin matarsa, tsohon malamin tarihi, yana kan kujera. Hansai, mahaifiyar Ɗahiru, wadda ta zo daga ƙauye ganin likita, tana kan tabarma can bakin ƙofa cikin mata.

Fim ɗin na wani jarumin Sikotlan ne na zamanin da. Ƙarti sun ɗaura zane iya gwiwa, cinyoyi a waje, suna ta ihu a kan tudu.

"Kai!" in ji Lawan direba. "Ashe 'yan daudun Turawa har yaƙi suke zuwa?"

Falo ya ɗauki dariya. Ɗahiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji ya ba shi 'yarsa ne a kan shaida ɗaya: yaro mai kamun kai, wanda ko da gwamnati ta tura shi kwas Gilasgo, can Sikotlan, daga ɗaki sai laburare. Wannan shaidar yake ci har yau, a gida da ofis.

Tunda ba dama ya kashe, sai ya shiga kushe fim ɗin ko baƙon zai gaji ya tashi.

"Baba, wannan ba abin kallon manya ba ne," ya ce, kansa a sunkuye. "Ƙarya ce tsagwaronta. Zanen nan sai bayan ɗaruruwan shekaru aka fara ɗaura shi. Ganuwar can katako ce aka shafa wa fenti, takubban ma haka. Filin dagar kuwa makiyaya ce, rabin taɓon kashin shanu ne, ga sanyi mai ratsa ƙashi."

Alhaji ya shafa gemu. "Ikon Allah. Har sanyin ma a littafi yake?"

Ɗahiru ya roƙi Allah a zuci a ɗauke wuta, amma wutar da ba ta da alkawari yau ta riƙe amana.

Aka busa ƙaho, rundunoni suka gwabza. Kwalkwali ya rufe fuskoki, taɓo ya rufe sauran jiki, akwatin kuma bai san launi ba, kowa ya koma kala ɗaya. Ɗahiru ya fara samun numfashi. Saura kaɗan a wuce wurin.

Can gefen hoton wani mayaƙi ya taho a guje, zane na kaɗawa, yana jefa ƙafar hagu waje. Mashi ya tare shi, ya faɗi ruf da ciki. Ko ƙiftawar ido biyu ba a yi ba.

Hansai, wadda tun da ta haife shi kunyar ɗan fari ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba, ta gane wannan jefa ƙafar da ta sani tun yana yaro, ta miƙe zumbur, idonta a kan akwatin, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Ɗahiru! Sun soke min kai!"