Ba Kowa a Ciki

Jami'ar hukumar unguwar ta tsaya a gaban Dogara tana jiran amsa, ma'aikacinta riƙe da gwangwanin fenti biyu, ja da kore. A bayansu abin da guguwa ta bari na sitonsa ne a Shiling, ƙasar China. Rufin kwano ya durƙusa, katangar baya ta kwanta, jakunkunan mata da ya tara zai aika Kano sun jiƙe sharkaf.

Tsarin hukumar unguwar ba shi da wuyar ganewa. A fara buɗe tituna. Ginin da ake zaton da mutum a ciki a shafa masa ja, a tone shi nan take da hannu. Wanda ba kowa a shafa masa kore, ya jira katafila sai layi ya zo kansa.

"Meyo," in ji Dogara. Wato babu kowa.

A ganinsa ba ƙarya ya yi ba. Mutum ɗaya ke kwana a ɗakin bayan siton, Mas'udu, abokinsa tun suna yara a unguwar Dukawa a Kano. Ya zo duba kekunan ɗinkin fata, jari ya narke, biza ta ƙare, kunyar komawa hannu rabbana ta riƙe shi. Ran guguwar da safe ya ce zai tafi Panyu, can wani sashen birnin, wajen Munkaila, wani mutumin Kumasi mai tura kaya, ya fake can. Ga shi kuwa keken hawansa ba ya bakin ƙofa.

Dogara mutum ne mai son tsari, har matarsa takan ce ko shayi ba ya sha sai da doka. Shi ya kafa wa Mas'udu dokokin zama. In ka ji 'yan China a waje, kashe waya. Kada ka motsa, kada ka amsa, sai ka ji muryata. Da yake Mas'udu na fama da wani tari mai naci, an ƙara masa da cewa in ya taso, ya cusa hula a baki. Mas'udu ya yi dariya ya ce to, ranka ya daɗe. Bai taɓa saɓawa ba.

Shi ya sa da Dogara ya kira ya ji waya a kashe, hankalinsa ya kwanta. Gari cike da jami'ai, mutumin yana bin doka. Bai ma kira Munkaila ya tambaya ba, don a tsakaninsu ba a tambayar marar takarda ta waya.

Abin da ke cin ransa shi ne ɗakin. Akwai katifa, akwai fasfo. Jan fenti na nufin a tone yau, a ga komai, a bi sawun Mas'udu har Panyu, a kulle shi, a sa shi a jirgi. Kore kuwa zai ba shi lokaci ya lallaɓa ya kwashe.

Duk da haka matar ba ta tafi ba. Ta ɗaga hannu aka kashe injuna, titi ya yi tsit. Wani ya buga guduma a jikin ƙarfe, suka yi ta kira da harshensu, suna kasa kunne. Ta juyo ta yi wa Dogara alama ko zai kira da nasa. Ya girgiza kai. Wanda ya ce ba kowa, wa zai kira? Aka shafa kore.

Lallaɓawar ba ta yiwu ba. An zagaye layin da igiya, an sa masu gadi. Kullum da safe Dogara yakan zo ya tsaya jikin igiyar, yana kallon motoci na kwashe baraguzai, itace gefe, ƙarfe gefe, suna matsowa.

Ran Juma'a, ana fitowa daga masallaci, wani ya dafa kafaɗarsa. Munkaila ne.

"Alhaji, sannu da jaje. Ya mutuminmu? Ya ce min zai zo, na dafa wake da shinkafa, har yau ban gan shi ba."

Dogara bai san yadda aka yi ya isa Shiling ba. Ya tsallake igiya, ya faɗi gaban jami'ar, ya faɗa mata gaskiya da guntun harshen da ya iya. Ba ta tambaye shi takardar kowa ba. Ta kira mutanenta suka hau tono da hannu. Yanzu kam Dogara ya kira, ya yi ta kiran sunan har muryarsa ta dishe. Keken suka fara samu, can ƙarƙashin kwanon maƙwabta inda iska ta jefa shi.

Yana tono yana roƙon Allah abu ɗaya, ya sa katangar ta gama da shi farat ɗaya, bai sha wuya ba.

Katangar ba ta taɓa shi ba. Wani ƙarfe ya tokare ta, ya bar wuri kamar ƙarƙashin gado, tsakaninsa da titi kwano ɗaya ne da 'yan kwalaye. Ƙafarsa kaɗai aka danne. Buta na gefensa, ya shanye ruwan tas. Likitan da ke tare da su ya taɓa shi ya ce rasuwarsa ba ta wuce jiya ba.

Dogara ya durƙusa. Wayar na hannun Mas'udu a kashe, da aka kunna ta ko rabin cajinta bai ƙare ba. Hularsa kuwa tana cushe a bakinsa, haƙoransa sun huda ta, yana jiran ya ji muryar Dogara.