Gunkin da Ake Sauya wa Kai

Zauna mana, Sallau, ka cika kai da komo. Tun da aka ba ka shugabancin nan na ji ka sa ana shafe sunan wanda ka gada daga jikin famfo da bangon asibiti, ana rubuta naka. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa na aika ka zo.

A ƙasar Rum ta dā an yi wani sarki da ya hau mulki da takobi. Tun ranar da ya hau bai ƙara zama wuri ɗaya ba, tsoronsa kada garuruwan nesa su ƙi sanin shi ne mai ƙasa. Su kuwa al'adarsu, sarki kan kafa gunkinsa na farin dutse a kowace kasuwa, da sulke da ɗagaggen hannu, don wanda bai taɓa ganinsa ba ya ji shakkarsa. To, duk kasuwar da ya shiga sai ya tarar da tsohon sarki tsaye yana kallonsa. Masassaƙa suka ce sabon gunki sai an shekara. Ina! Gogan naka ba ya iya jira. Ya ce a sare kawunan tsofaffin, a fafe gurbi a wuya, a ɗora nasa. Da ya ga aikin ya yi sauri sai abin ya yi masa daɗi, ya ce daga yau kowane gunki haka za a yi shi, jiki daban, kai daban. Ya gina ƙofofi, ya tsayar da ginshiƙai, kafin wannan ya kammala ya tafi aza harsashin wancan, yana tafe amalanken kawuna na biye da shi.

Rannan sojojinsa suka juya masa baya, suka naɗa wani. Sabon sarki ko guduma bai ɗauka ba, ya tarar an gama masa aiki. Aka riƙa ɗage kawuna kamar murfin tukunya, ana ɗora nasa. Shi kuwa wanda aka tuɓe ya gudu da tsumma a jiki, yana neman gari ɗaya da za a gane shi a tsaya masa. Ya isa wata kasuwar kan iyaka, ya ga sulken nan da hannun nan, amma fuskar ta wani ce, mutane suna wucewa suna rusuna mata. Ya ce, “Ni ne sarkinku!” Suka dubi gunki, suka dube shi, suka tuntsire da dariya. Kansa na dutse yana can bayan rumfa, wani mai gawayi ya ɗaure jakinsa a jikin kan.

Kai ma dai fenti ka sa, Sallau, kuma mai fentin yana nan bai bar gari ba. Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.