Ranar da Aka Zo Ganin Motar Baba

Ina aji uku a firamare aka zo ganin motar Baba. Tsohuwa ce ta kakana, mai giya a jikin sitiyari. Baba ya daɗe yana gyaranta a gidanmu na Nassarawo, har ƙasar Kamaru ya je neman fitilunta. Lokacin Inna tana kwance, likita ya ce sai an yi mata aiki a Yola.

Bayan la'asar ne. Ina zaune a kujerar baya mai warin fata da fetur, sai ga wani dillalin motoci daga Kano. Ya buɗe bonet, ya goge wani ɗan ƙarfe da hannun rigarsa, ya karanta lambar da ke jiki.

Ya ce, "Malam, ka san abin da ka ajiye kuwa? Ta asali ce, ko inji ba a taɓa canza mata ba. Irinta sun ƙare. Da ni ne, ba zan sayar ba."

Baba ya ce, "Alhaji, taya kawai."

Ya taya, Baba ya sallama. Sai Baba ya leƙo ta taga, ya kira ni da sunan mahaifiyarsa da na ci.

"Sauko, Dada. Ba tamu ba ce yanzu."

Na sauko, ban yi kuka ba. An kai Inna Yola, an yi aikin, ba ta dawo ba. Har yau in na nemi abin da na ji a ranar, ba na samun komai. Na dai tuna Baba ya rufe ƙofar motar a hankali, don kada ta yi ƙara.