Girgijen Ƙarfe Ɗaya

Ranar da aka kawo mini labarin rasuwar maigidana, ina saman rufi, na kife kwano a kan na'urarsa.

Na'urar tana auna hasken rana mai ƙona fata, wanda ido ba ya gani, ta aika masa lamba ofis, ya gwada da lissafin kwamfuta. In ya zauna aiki, mantawa yake da cikinsa. Sai na samo dabara: ƙarfe ɗaya na yi, sai in kife kwano a kanta, lambar ta faɗi, ya taho yana zagin tsuntsaye, ya tarar da abinci. Shekara shida muna haka. Amma ran nan abokin aikinsa ne ya zo da labarin.

Da ya dawo ɗaukar na'urar, na kasa shiru. Na ce, "Ɗana, ni na ɓata masa lissafi."

Ya yi dariya har da hawaye, ya karanta mini abin da marigayi ya rubuta cikin lissafin: "Ƙarfe ɗaya ba girgije ba ne, mutuniyata ce. A tsallake."

Ya bar mini na'urar. Har yau, ƙarfe ɗaya na yi nake kife kwanon, sai waya ta yi ƙara daga ofis: "Mama, mun gani. Yanzu za mu ci."