Kwamandan Bakin Ƙofa

Baba ya dawo daga bakin ƙofa, ya mayar da sakata, ya kakkaɓe wandonsa.

"Kwamandan ya ce a'a. Duk wanda ya leƙo, harbi."

Ango ya dafe kai. Tun ranar da yaƙi ya katse wutar da ke shigowa tashar nukiliya, sojoji suka mamaye harabar, ba ma'aikacin da ya sake ganin rana. Ginin ko taga babu. An kashe injin nukiliyar, amma cikinsa bai huce ba. In ruwan sanyi ya daina ratsa shi narkewa zai yi, gubar ta bi iska har garin da iyalansu suke. Famfunan ruwan sai da janareta, janaretan kuwa Ango kaɗai ya san lagonsa.

Ga shi ya baro matarsa, 'yar autar Baba, da tsohon ciki. Waya ba ta shiga. Tsoro na cin sa, har kunyar suruki ya ajiye.

"Baba, don Allah ka kai ni in roƙe shi da bakina."

"Mutumin nan ba ya son sabuwar fuska, ɗana. Je ka duba man janareta."

Baba ne shugaban aiki, shi kaɗai ke fita. Yakan dawo ido jajur, da ƙayar ciyawa a ƙafar wando, ya ce sojojin sun ƙaro motoci. Ma'aikata suka yi ta tsine wa kwamandan nan da ko tarinsa ba su taɓa ji ba. Har waƙar zambo suka yi masa. Baba bai taɓa dariya ba.

Ranar da wuta ta dawo, masu karɓar aiki suka iso, garin ya tsira. A bakinsu Ango ya ji: haihuwa ta zo da gardama, an rasa mai kai ta asibiti. Jaririn ya rayu, uwar ta cika.

Baba ya sulale ƙasa. Ango ya suri spana ya fita neman kwamandan.

Harabar shiru. Ciyawa ta kai gwiwa, tsuntsu ya yi sheƙa a rumfar gadi. Ya shaƙo direban da ya kawo ma'aikatan.

"Ina sojojin?"

Direban ya ɓamɓare hannun Ango daga wuyansa.

"Sojoji? Ai kwana ɗaya suka yi a nan, washegari suka janye. Baba ne ma ya rufe ƙofa a bayansu."