Kanwa a Tukunyar Hukuma

Tun da aka hana shuka wiwi a fili, duk gidan da ke da majinyaci hukuma kan ba shi tukunya ɗaya ta wiwin magani, a rene ta a ɗaki ƙarƙashin fitila. Kowace tukunya na da na'urar hukuma mai ji da magana. Idan shukar ta mutu, ba a sake ba da wata. Ta gidan Lantana ita ce ke danne farfaɗiyar 'yarta Jummala.

Da safiyar nan sai ta tarar ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ya nannaɗe. Ta leƙa katanga ta kira maƙwabciyarta.

"Yaya Dije, zo ki gani, na shiga uku!"

Dije ta shigo, ta murza ƙasar, ta sansana. "Me kika zuba mata?"

"Tukunyar ce ta yi magana shekaranjiya, wai ƙasa ta yi tsami. Ni kuwa na jiƙa kanwa na zuba, yadda nake kashe tsamin yakuwa."

"Ke, miya ce? Kawo ruwa mu ɗauraye ƙasar kafin tukunyar ta farga."

Suna cikin zubawa, sai tukunyar ta yi sallama da tattausar murya.

"Sannu da aiki, Lantana. An sanar da ofis. An kuma ji muryar Dije."

Dije, wadda mijinta ma da tasa tukunyar yake rayuwa, ta ajiye kwanon a hankali, ta fice ko waiwaye babu.

Daga uwar ɗaki, dugadugan Jummala suka fara dukan gado; farfaɗiyar ta tashi.