Minti Goma a Kan Tabarma

Sai da ta wuce asibiti uku kafin ta tsayar da mota a gaban wani ƙaramin asibitin yara da ke can ƙarshen gari. Ta gyara zaman baƙin gilashinta, ta saɓa Ciyaman a kafaɗa, ta bi layi kamar kowa.

Ciyaman ɗanta ne na fari, shekararsa biyu da wata huɗu. Kawunnansa ne suka laƙaba masa sunan, domin a gidan in ya nuna abu da yatsa, to an tashi taro. Sai dai duk mulkin nan da yatsa ake yin sa. Kalma ɗaya tak ya mallaka a duniya, ita ce "a'a", kuma uwarsa ya fi yi wa kyautarta.

Ba sakaci ta yi ba. Sau biyu ta sa aka duba kunnensa, ras yake ji. Ta sayo katunan hotuna kwali guda. Kullum ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cirewa take ɗora shi a kujera, ta saita agogo, ta ɗaga kati tana cewa, "Ce mota. Mo-ta." Ciyaman ya dubi katin, ya dube ta, ya juya mata ƙeya. Ita kuwa ta buɗe littafinta ta rubuta cewa yau ma babu.

Kwanan nan har ya kai da ya ji ƙarar makullinta sai ya ruga bayan labule. Wannan ne ya fi ci mata rai. Magana dai tana iya jira, amma a ce ɗan da ta haifa yana gudunta, abin ya hana ta sakat.

Da layi ya zo kanta, ta tarar da wata tsohuwar nas, gajeriya, mai murya kamar an sa mata lasifika. Gwaggo iyayen yara ke ce mata. Gwaggo ta saurari bayani, ta karɓi littafin nan mai jadawali da tawada kala uku, ta yi ta buɗa shafuka tana taɓe baki.

"'Yar nan, ɗa kika haifa ko ɗalibin jami'a?"

Uwar ta buɗe baki, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Ta jefa littafin a durowa, ta haɗa da wayar uwar da agogonta, ta tura da gwiwa. Sannan ta zaro wani ɗan littafin renon yara wanda ya sha jiki, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, filasta ce kawai ke riƙe da sauran. Ta lashi yatsa tana neman wuri.

"Shafi na tara," in ji uwar a hankali.

"Au, har kin taɓa ganinsa? To gani kika yi, ba karatu ba. Cire takalmi ki sauko."

Akwai tabarma a kusurwar ɗakin, da kofunan roba guda shida. Uwar ta sauko da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Gwaggo ta tsaya a kanta tana karanta doka da ƙarfi. Minti goma. Ba tambaya, ba gyara, ba "ce kaza". Abin da yaro ya yi shi za ki yi, abin da ya kalla shi za ki ambata, sannan ki yi shiru ki jira shi.

Minti uku na farko sun yi mata tsawon wata. Ciyaman ya ba ta baya yana buga kofi a ƙasa. Harshenta ya yi ta ƙaiƙayi, kalmar "ce" ta zo har bakin leɓe, Gwaggo ta yi gyaran murya, ta haɗiye abarta. Da ta rasa abin yi sai ta ɗauki kofi ita ma ta buga.

Yaro ya tsaya cak. Ya buga sau biyu, ta buga sau biyu. Ya waiwayo yana mata kallon baƙuwa. Can ya kifa kofi a kansa, ita ma ta kifa nata, kofin ya zame ya daki hancinta ya gangara ƙarƙashin gado.

Dariyar da Ciyaman ya ƙyalƙyale da ita har masu jira a waje sai da suka leƙo. Ya rarrafa ya ɗauko kofin, ya haye cinyarta, ya ɗora mata a ka da hannunsa. Ya riƙe kumatunta ya kalle ta cikin ido.

"Kuma!"

Ta cire gilashin, don ya riga ya jiƙe. Daɗi ya kashe ta, kunya ma ta kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji. Ta sake barin kofin ya faɗi, ta kuma, har sau goma sha ɗaya.

Gwaggo ba ta yi mata guɗa ba. Ta ce kalma ɗaya ba ita ce warkewa ba, a dawo bayan mako huɗu a sake dubawa, katunan kuma a ba mai shara. Ta mayar mata da waya da agogo, ta riƙe jadawalin. Sannan ta damƙa mata kwafin shafi na tara, irin wanda take raba wa kowace uwa.

"Ki liƙa a bango. Wadda ta rubuta wannan ta san yara, daga ji ta goya goma. Ba irinku ba, masu reno da biro."

"Na gode, Gwaggo," in ji ta, har da rusunawa.

A mota ta ɗaure Ciyaman a kujerarsa, ta shimfiɗa takardar a kan sitiyari, ta karanta ta daga sama har ƙasa tana dariya da hawaye. Babu layin da ba ta haddace ba, domin ita ce likitar da ta rubuta littafin, shekara uku kafin ta taɓa goya ɗa a bayanta.